Sunan Sallau a Injin Bincike

Tun da aka kafa dokar share sunan mamaci daga intanet bayan sadakar arba'in, wai don masu rai su huta, abin bai taɓa damun Tasalla ba sai yau. Jiya aka yi arba'in ɗin mijinta Sallau. Shi ya fara manhajar hasashen damina da manoman Gumel ke amfani da ita kyauta, wadda kowa ke iya gyarawa. Yanzu shafin yana hannunta, kuma a ƙarƙashin dokar dole a sa masa injin bincike mai lasisi kafin la'asar, ko a rufe shi.

Ƙaninta Ilu ya buɗe mata guda uku. "Yaya, gwada ki zaɓa."

A kowanne, sunan Sallau ta rubuta. Na farko ya ce babu tun kafin ta ɗaga yatsa. Na biyu ya jero mata wasu Sallau masu rai. Na uku ya yi ta juyi, har ta ja numfashi sau huɗu, sannan ya ce babu.

"Sa wannan."

"Haba Yaya, wannan nawa gare shi. Manoma za su yi ƙorafi."

"Su yi," ta ce. "Shi kaɗai ya tsaya ya neme shi."