Na'urar Ta Yi Tsit

Tana dawowa ɗakin asibitin da aka kwantar da 'yarta ta tarar na'urar ta yi tsit. Likita ya ce tsotson na'urar ne ke manne fatar da aka dasa a ƙunar hannun 'yarta. In ta zame, sai an sake yanka.

Ta fita ba takalmi. "Sista! Ta mutu!"

"Wa?"

"Na'urar!"

"Haba Mama, ni na kashe. Yau za a buɗe hannun."

Nan tsoro ya ƙaru. Likita na ɗaga soson da aka rufe ƙunar da shi, ita ta runtse ido.

"Ta kama," in ji shi.

Yarinyar ta leƙa. "Umma, fatar cinyata ce fa. Yanzu in na yi laifi, a hannu za ki mintsine ni?"