Tela da Ƙullin Furen Lalle

Ka ce ka yi iya yinka tunda ka aika da magani? To, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela.

Telan nan yana da yaya mace a wani ƙauye da bai fi tafiyar sa'a guda a kan keke ba. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta tauna ta ba shi. Ɗa ɗaya tak Allah ya ba ta, ya zama saurayi har ya fara riƙe mata gona, sai wata damina kogi ya tafi da shi. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, masu gaisuwa suka naɗe tabarma kowa ya kama gabansa. Ita kuwa baiwar Allah sai ta zauna a ƙofar ɗaki tana kallon hanya. Ba kuka, ba magana. In an kawo tuwo ta yi loma biyu ta ture, barci kuma ya ƙaurace wa idonta. Tela ya zo sau ɗaya, ya tarar ta rame ta zama kamar kara, hankalinsa ya tashi. Yana son ta, wallahi yana son ta, kada ka ce ba ya so. Sai dai irin mazan nan ne da in sun ga ido ya kawo ruwa, sai su ce a yi haƙuri, su shiga neman takalmansu.

Ya nufi wurin wata tsohuwa mai magani a bayan gari, wadda aka sani da jiƙon fure ga masu ƙuncin zuciya da rashin barci. Ta saurare shi tsaf, sannan ta nuna masa lalle da zogalen da ke shingenta. Ta ce kullum da sassafe, kafin rana ta shanye raɓa, ya tsinki furen lalle cikin tafi da na zogale kaɗan, ya kai wa yayarsa da ƙafarsa. Ya zuba a ƙoƙo da tafasasshen ruwa, ya zauna kusa da ita, ba fifita ba juyawa, har ruwan ya huce don kansa. Ya ba ta da hannunsa, kada ya tashi sai ta shanye. Haka har wata guda.

Tela ya fito yana saƙe-saƙe. Ga sallah ta matso, ga ɗinkin mutane ya yi tsibi a shago. Amma tsakani da Allah ba ɗinkin ne ya hana shi ba. Zaman nan yake tsoro, a yi jugum ana jiran ruwa ya huce, ga shi ga yaya, bai san me zai ce mata ba. Sai dabara ta zo masa, irin wadda ke kai mutum ta baro shi. Ya ce ai fure fure ne, ko ɗanye ko busasshe. Ya samo kwando guda, ya shanya a inuwa, ya daka, ya ɗinka 'yan jakunkuna da guntayen shadda, kowace rana da ƙullinta, har ya ninka awo wai don ya fi ci. Ranar kasuwa ya miƙa wa direban motar ƙauyensu. Ranar nan har wani sanyi ya ji a ransa, yana ganin babu ƙanen da ya kai shi kula.

Yaya ta karɓa ta sa albarka. Ko rana ɗaya ba ta tsallake ba. Ta tafasa ruwa da kanta, ta zauna ita kaɗai da ƙoƙo a gabanta har ya huce, ta shanye. Duk ranar kasuwa direba ya dawo da saƙo iri ɗaya: ta gode, tana sha, yaushe Auta zai leƙo? Shi kuma ya ce bayan sallah in Allah ya yarda, ya ƙara ƙulli. Ana saura kwana uku sallah, yana kan keken ɗinki yana kafa wuyan riga, aka zo aka ce masa ya taso, yaya ta cika da hantsi.

Bayan an kai ta makwancinta, baƙin ciki ya rikiɗe masa ya koma fushi. Ya je wa tsohuwar nan ko gaisuwar kirki babu, ya ce maganinta bai yi ba, ga shi an sha ba fashi, har da ƙari. Tsohuwa ba ta yi musu ba, tambaya ɗaya ta yi masa: "Ɗan nan, da kuke jiran ruwan ya huce, me take ce maka?"

Tela ya sunkuyar da kai. Nan ta gane komai, ta girgiza kai. Ta ce fure iyakarsa ya sanyaya jiki ya jawo barci. Abin da ya tokare ƙirji kuwa ta baki yake fita, kuma ba ya fita sai ya ga kunnen da zai shiga. Don haka ta hana fifita, domin mai ciwon zuciya ba ya fara magana sai zama ya yi nisa. Rai na Allah ne, ba ta ce da ya je da ba ta mutu ba, amma da ba ta tafi da kayanta a ƙirji ba.

Tela ya durƙushe a gindin shinge, kukan da ya yi ta gudu ya same shi har gida, ga shi babu yayar da za ta dafa kansa ta ce ya isa. Ya yi shekaru bayan nan, ya yi furfura a kan kekensa, ya je kabarinta ya fi a ƙirga, amma har ya koma ga Allah bai san abin da take son faɗa masa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zuwa da kai ya fi aike.