Almakashi a Jikin Gilashi

Jar fitilar da ke saman ƙofa ba ta kama ba tukuna, amma gumin tafin hannunta ya riga ya jiƙa takardar.

Ɗakin watsa shirye-shirye na rediyon jami'a ɗan ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso don kada sauti ya shiga ko ya fita. Tebur ne da kujera da makirufo, sai faffaɗan gilashi da ya raba shi da ɗakin injiniya. Can ɗin duhu ne yau, saboda an ɗauke wuta kuma janareta ba ya son a cika masa kaya.

Da hantsi motar 'yan ajin ƙarshe na sashen koyon aikin jarida ta kife a hanyar zuwa ziyarar wani gidan talabijin. Duk masu gabatar da shirye-shiryen tashar suna ciki. Ita ciwon gwiwa ne ya hana ta bin su. Da aka bugo daga asibiti aka ce yawanci ƙujewa ce da karaya, ban da Aku, yarinyar nan mai bakin da ba ya hutawa. Aku ta zubar da jini sosai, nata kuma irin mai wuyar samu ne, asibitin ba su da shi. Likita ya ce a yi shela yanzu-yanzu in ana so ta kai yamma.

Ranar hutu ce, sashen wayam. Injiniya ba zai iya karantawa ba, domin tsohuwar wayar da ke kai sauti eriya sai an danne ta da hannu, an daɗe ana cewa za a gyara. Ya miƙa mata takardar, ya nuna mata kujera da haɓa. Ta karɓa, ta zauna.

Abin da injiniya bai sani ba, kuma babu wanda ya sani a sashen, shi ne tana da in'ina. A aji ba ta fiye tashi ba, don ta koyi zaɓen gajerun kalmomi, ta kuma koyi haɗe rai kada a ja ta da hira. Makirufo kuwa ba a haɗe masa rai. Sau ɗaya ta taɓa gwadawa, tuntuni, harshenta ya maƙale a kan sallama har sai da aka sa kiɗa aka rufa mata asiri. Tun daga ranar take kewaye kujerar nan kamar mai kewaye rijiya da duhu.

Ta ɗaga kai ta dubi gilashin, gabanta ya faɗi. Ga Almakashi nan, tabarau a ƙarshen hanci, baki a tsuke, ta zuba mata ido.

Almakashi ita ce malamar darasin gabatarwa, kuma ba a banza ɗalibai suka raɗa mata sunan ba. Ba ta faɗa, ba ta zagi. In ɗalibi ya yi tuntuɓen harshe ko ya yi dogon shiru, sai ta ɗaga yatsu biyu ta haɗe su, injiniya ya kashe makirufo, shi ke nan sai baɗi. Ita kanta ba a taɓa jin muryarta a rediyo ba. In an tambaye ta sai ta ce alƙali ba ya shiga kokawa. Ko a makon jiya ta datse Aku a tsakiyar magana, yarinyar ta fito tana dariya hawaye na zuba.

Fitilar ta kama.

"Ja... ja... ja..."

Jama'a take son cewa. Kalmar ta ƙi fita. Haruffan takardar suka haɗe. Ta ji bugun zuciyarta a cikin abin kunne, ta tabbata duk gari ma yana ji. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, domin duk shirun da ta yi, jinin Aku ne ke tafiya.

Ta kai hannu za ta share goshi. A gilashin, hannun Almakashi ma ya fara ɗagowa.

Ta runtse ido. In za a yanke, a yanke ba ta gani. Ta ture takardar gefe.

"Ku yi haƙuri da ba... bakina," ta ce. "Ban iya ba. Ya... yarinya ce za ta mutu."

Daga nan ta ci gaba, tana faɗuwa tana tashi. Ta faɗi rukunin jinin, ta faɗi asibitin, ta maimaita. Ta ce yarinyar tana da surutu, tana da uwa, kuma ta fi kowa a ajinsu baiwar magana, ko da yake ba a taɓa gaya mata ba. Wata kalmar sai ta ja ta da ƙyar, wata ta ƙi sam sai ta nemi 'yar'uwarta. Ta karya duk wata doka ta Almakashi, kuma babu wanda ya san dokokin nan kamarta.

Ba ta buɗe ido ba sai da ta ji kiɗa ya shigo. Injiniya ya saki wayar eriya, ya kunna fitilar ɗakinsa. Haske na cika wancan ɓangaren, fuskar da ke jikin gilashin ta ɓace. Babu kowa a can sai shi kaɗai, yana yarfe hannun da ya sage, wayar salula a kunnensa.

Ya turo ƙofa ya leƙo.

"Asibiti ne, Malama. Wai har mutane sun fara isowa." Ya sosa ƙeya. "Na yi ta jiran ki ɗaga yatsu. Da ban gani ba, sai ban yanke ba."

Almakashi ta cire tabaranta, ta kifa kai a kan teburin, ta fashe da kuka.