Kowa A Ɗaga Masa Murya

Shekarar da kiriz, wato matsin tattalin arziki, ta rufe ofishin da Idirisu yake aiki a tashar jirgin ruwa ta Douala, bai tsaya kuka ba. Ya kwashi kuɗin sallamarsa kaf, ya sayo manyan lasifika biyu da miksa mai layi takwas, ya shiga yi wa masu biki sauti a unguwar New Bell. Mutumin da jiya ake ce wa Mushe Idirisu, wato Malam Idirisu da Faransanci, yau ga shi yana jan waya a cikin taɓo yana dariyarsa. Da kayan nan yake ci da iyalinsa, ba shi da komai bayansu.

Aikin kam ya iya shi. Kowane makirufo da layinsa a jikin miksa: maɓallin sama mai buɗe ƙarfin murya, na tsakiya masu gyara kauri da siranta, sai 'yar sanda a ƙasa da ake turawa ko a jawo. Akwai kuma 'yar jar wuta, wadda in ta kama, kayan na cewa ne an yi musu yawa. Idirisu ya san wannan sarai. Ciwonsa ɗaya, hannunsa bai iya mayar da kuɗi ba.

Wata Lahadi da hantsi aka kira shi bikin 'yar wani ɗan kasuwa na unguwar Ndokoti. An tare titi, an kafa rumfa. Masu wasa uku ne: Inno zabiya, Ɓoɓɓo mai kalangu da Ilu maroƙi, kowa na so shi ne zai fi shiga kunnen masu liƙi.

Inno ce ta fara matsowa, ta cusa masa ɗari biyar a hannu.

"Ƙanena, ɗan ɗaga ni mana. Kalangun nan ya danne ni."

"An gama, Yaya," in ji Idirisu, ya tura sandarta sama.

Ba a jima ba sai ga Ɓoɓɓo da tasa takardar kuɗin. "Patron, ni fa ba a ji na. Monte un peu, ɗan ƙara min." Aka ɗaga shi. Ilu kuwa kirari ya fara yi masa a makirufo, wai ɗan boko mai yatsun zinariya, sannan ya aiko da nasa. Kan Idirisu ya kumbura, shi ma Ilu aka ɗaga shi.

To mai karatu, gyaran mai sauƙi ne: in ana so a ji mutum ɗaya, sai a ɗan sauke sauran. Amma wa zai sauke, bayan duk ukun ya ci kuɗinsu? Suka yi ta zuwa bi da bi, yana ta turawa. Da sandunan suka ƙure, ya koma murɗa maɓallan sama. Jar wuta ta yi ta ƙiftawa, daga baya ta tsaya cak. Gogan naka ya cire hularsa ya kifa a kanta don kada ta dame shi.

Biki ya yi biki. Mata na rawa ana rangaɗa guɗa, kwanon rufin maƙwabta na kaɗawa, tsofaffi sun toshe kunne da gefen gyale. Idirisu na zaune yana kaɗa ƙafa, aljihu ya yi nauyi.

Sai uban amarya ya karɓi makirufo don ya gode wa jama'a. Bakinsa bai gama sallama ba lasifikar dama ta yi wata muguwar ƙara, ta hagu ta bi ta, ƙauri ya tashi. Aka bar dattijo yana motsa baki babu mai ji. Masu wasa suka ajiye makirufo suka ci gaba da muryar da Allah ya ba su, kuma kowa ya ji su ras.

Washegari mai gyara a kasuwar Marché Dakar ya buɗe lasifikun, ya sunsuna, ya girgiza kai.

"C'est fini, ɗan'uwa. Duka biyun sun ƙone ƙurmus. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa kuwa, sababbi sun ninka kuɗi."

Abin da Idirisu ya tara a bikin, rabinsa ya tafi a kuɗin amalanken da ya kawo kayan. Yanzu yana Ndokoti, yana bin motoci da tallar batir da tocila a cikin rana.

Jama'a, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. In ka san daidai a sana'arka, kada ɗan abin da ake cusa maka a hannu ya sa ka kauce masa, don ranar asara kai kaɗai za ka ɗauka.