Fankar Ɗakin Suruka

Mai-Fanka na saman tsani a ɗakin baƙi yana kwance fankar silin, surukarsa na zaune a bakin gado tana kallon hannunsa.

Fankar dai lafiyarta ƙalau, ɗakin yake so. Nan talabijin ɗinsa take, nan yake miƙe ƙafa ya kalli ƙwallo. Sai ga tsohuwa ta zo duba jikoki da 'yar jakarta, ta kafa zama kamar an dasa ta. Wa zai buɗe baki ya ce wa uwar matarsa ta tafi? Ba shi ba. Amma abin da baki ya kasa faɗa, ai zafi zai faɗa.

Ya cire kafasita, ɗan baƙin akwatin nan da ke ba fanka ƙarfin juyawa, ya jefa a aljihu. A ma'aunin ƙarfi, mai mikro biyu da rabi ce. Ya zaro wata mai nano ɗari biyu da hamsin. Nano dubu ke cika mikro ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da fankar ke bukata zai ba ta.

Tsohuwa ta ce, "Me za ka sa mata, ɗana?"

"Babba ce, Mama. Waccan biyu da rabi, wannan ɗari biyu da hamsin. Ai kin san wadda ta fi."

Ta karɓa, ta juya ta a yatsunta masu tabon ƙuna, irin wanda ya ɗauka na girki ne, ta miƙa masa. "Allah ya yi albarka. Ka bar min tsanin, akwai yana a kusurwa."

Ya kunna. Fanka ta soma juyawa kamar mai jin barci. Ya fita yana danne dariya, har ya fara lissafin wasan da zai kalla ranar da ta tafi.

Shiru shiru, tsohuwa ba ta yi ƙorafi ba. Ƙiba ma take yi. Sai fankar ɗakinsa ce ta kama rarrafe. Ya ce ƙarancin wuta ne. Gumi ya jiƙa masa filo, ƙuraje suka feso masa a wuya, matarsa kuwa ta samu abin tsokana.

"Kai da ke gyara wa gari fanka, taka na tafiyar hawainiya? Wanzami ba ya son jarfa!"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Wata rana da azahar ya gifta ta ƙofar ɗakin baƙi, sai ya ji fuuu! Labule na tashi sama, tsohuwa ta lulluɓe da mayafi tana kallon talabijin ɗinsa. Ya suri tsani, ya ruga ɗakinsa, ya kwance kan fankarsa.

Ga ta nan, nano ɗari biyu da hamsin, an ɗaura ta tsaf, ɗauri ma da ya fi nasa kyau.

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Surukarsa ce, riƙe da wata tsohuwar sukudireba da hannu ya cinye mariƙinta.

"Babbar ta fi ƙarfina, ɗana, shi ya sa na mayar wa maigida," in ji ta. "Ba ta gaya maka ba? Da gyaran fanka na raini matarka."