Katakon Bayan Jirgi

Ga wani misali, kai da aka bar wa kaya ba ka shirya ɗauka ba.

An yi wani saurayi masunci a bakin wani tafki, shi da mahaifinsa suna su a kwale-kwale ɗaya tun yana ƙarami. Tsohon a baya yake zama, kan wani katako da zama ya goge har yana sheƙi, yana tuƙi da filafili. Ɗan kuma a goshin jirgi, yana sakin kalli, wato ragar kamun kifi, cikin ruwa a hankali. Aikin mutum biyu ne. Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kwantar da tsohon, bai tashi ba. Masu gaisuwa suka zo suka watse, jirgin yana kife kan yashi, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. To, al'adar wurin, kowane gida yana da gurbinsa a tafkin inda yake kafa kalli, kuma in ruwa ya fara ja ba a ga jirgin gida a gurbinsa ba, Sarkin Ruwa sai ya ba wani. Nasu gurbin daga kakansa ya taho, da shi ake ci da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Saurayin ya ƙudura a ransa ba za a ba wani ba. Ba shi da ɗan'uwa namiji da zai riƙe masa filafili, sai ya sayar da tumakinsa, ya tafi birni ya dawo da ɗan inji mai aiki da lantarki, irin wanda ba ya ƙara balle ya kori kifi, da batura biyu masu nauyin dutsen niƙa. Kafinta ya buga katako mai kauri a bayan jirgin, ya ɗaure injin da noti, ya nuna masa cewa mai tuƙi a nan baya zai zauna hannunsa kan mariƙin inji, batura kuma su tafi gaba. Saurayin ya ce to. Amma da ya dubi katakon tsohon, ga ɗan lotsawar nan a tsakiya kamar yanzu mutum ya tashi, sai ƙafarsa ta ƙi. A gidansu ɗa ba ya zama kan buzun uba, ko uban ya yi tafiya.

Sai ya yi dabara. Ya ɗaura doguwar gora a mariƙin injin, ya koma tsohon wurinsa na gaba, batura a gefen ƙafarsa. Nauyi ya taru a goshi, baya ya ɗaga, farfelar injin ta fito daga ruwa tana sarar iska tana fesa ruwa, jirgin yana juyawa wuri ɗaya kamar akuya a turke. Washegari ya cusa buhun yashi ƙarƙashin katakon. Farfela ta nutse, amma jirgin ya yi ƙasa har ruwa na lasar bakinsa, wata 'yar igiyar ruwa ta faɗo ciki saura kaɗan ta taɓa kan batura, ya yi ta kwasa da ƙwarya. Ya sake dabara, ya kai batura tsakiya, ya haɗa su da wata siririyar waya da ya samo, ta yi zafi robarta ta narke. Bai fasa ba. Kullum da sabon gyara yake fita, kullum da jiƙaƙƙen wando yake dawowa. Ruwa kuwa ya fara ja, shaidarsa ta fito a jikin duwatsun gaɓa, jiragen wasu gidaje sun soma ratsawa ta gurbinsu.

Gwaggonsa, yayar tsohon, mai bandar kifi ce a bakin tafkin, duk abin nan a idonta. Ran nan da ya fito tudu ta ce, "Kai ɗan nan, tuƙi kake yi ko fifita kake wa kifi?" Ta gyara itacen wuta, ta ce, "Uban naka da kake jin nauyinsa, ba a kan katakon nan aka haife shi ba. Ina nan ranar da ya fara zama, bayan an kai namu uban. Yana tuƙi yana kuka, majina har haɓa. Amma ya tuƙa."

Da gari ya waye saurayin ya fitar da buhun yashi, ya kwance gorar. Ya rungumi batura ɗaya bayan ɗaya ya kai su goshi, daidai inda ƙafafunsa suka saba tsayawa, ya tokare su da itace, ya rufa musu leda, ya bi gefen jirgi da waya mai kauri har baya. Sannan ya yi wa tsohon addu'a, ya yi bismillah, ya zauna. Katakon da sanyi. Jirgin ya ɗan yi lilo, ya daidaita kan ruwa kamar yadda ya saba. Ya murɗa mariƙi, farfela ta kama, ba ƙara sai ɗan gunjin da bai kai na ƙudan zuma ba, har yana jin ruwa na rabewa a gaba. Hawaye suka zo, ya bar su, bai sassauta hannu ba. Da ya isa gurbin ya tarar da wani jirgi, mutum biyu a ciki suna gwada zurfi da gora. Suka dubi wanda ke zaune a baya, suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Sannu da fitowa, maigida," ya janye gorarsa suka yi gaba. Saurayin ya rage gudun inji, hannu ɗaya kan mariƙi, ɗaya yana sakin kalli.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kyan ɗa ya gaji ubansa.