Mabuɗin Yana Kudu

Motar gwangwani ce shuɗiya, doguwa kamar kifi, kwaikwayon wadda Kaka ya ce ta fi kowace mota gudu a duniya. Sai an wana ta take tafiya, mabuɗin kuwa yana wuyan Yaya Usman, wanda sojoji suka kama a kasuwar Gadarif suka kai yaƙin Kudu.

Ran nan bayan la'asar, Inna tana tsintar riɗi a rakuba, rumfarmu ta tsakar gida, sai motar ta fito daga ƙarƙashin gado, ƙirrr, ta tsaya a ƙafarta.

Na ce, "Inna, wa ya wana ta?"

Ba ta dube ni ba. "Ya waladi, ɗana, ɗauko tabarmi. Masu gaisuwa suna tafe."

Motar tana wurina har yau, amma a rigingine nake ajiye ta, tayoyi sama.